Koyo Ta Hanyar Ƙirƙirar Manhaja: Ina Matsayin Malami Idan Ɗalibai Ne Ke Riƙe Da Aikin?

A shekarar 2018, wasu 'yan mata biyar daga wata makarantar sakandare a Onitsha suka lashe lambar zinare ta rukunin ƙanana a gasar Technovation da aka kammala a Amurka. Manhajar da suka haɗa, FD-Detector, tana taimaka wa mutum ya gane maganin jabu ta hanyar duba lambar da ke jikin kwalinsa da kyamarar waya. Da labarin ya bazu, yawancin mutane hazaƙar yaran kawai suka gani. Kaɗan ne suka lura cewa tsarin gasar ya tanadi mai ba da jagoranci da ke bin tawaga har tsawon makonnin manhajar karatun, kimanin goma sha biyu.

Wannan salon shi ne koyo ta hanyar aiki. Maimakon malami ya cika allo da rubutu ɗalibai su kwafa, sai a ba su matsala ta gaske daga unguwarsu, su binciko ta, su haɗa abin da zai magance ta, sannan su gabatar a gaban jama'a. Ba sabon tunani ba ne. Tun 1918 wani malamin Amurka, William Kilpatrick, ya yi rubutu a kansa. Abin da waya ta ƙara shi ne sauƙin kayan aiki: da MIT App Inventor, yaro zai iya haɗa manhajar Android ta hanyar jera tubalan umarni, ba sai ya haddace yaren kwamfuta ba.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauka cewa tunda aikin na ɗalibai ne, malami sai ya koma gefe ya naɗe hannu. A 2006 masana uku, Kirschner da Sweller da Clark, sun wallafa wata maƙala da ta yi fice suna sukar koyarwa mai ƙarancin jagoranci. Hujjarsu mai sauƙin ganewa ce. Ƙwaƙwalwar mutum ba ta iya riƙe sabbin abubuwa da yawa a lokaci guda, kamar dai waya mai ƙaramin RAM da aka buɗe mata manhajoji goma. Sabon shiga da aka sake shi ba jagora zai ƙarar da ƙarfinsa wajen lalube, ya tashi bai koyi komai ba. Wanda ya riga ya goge kuwa, shi ne ake iya sassauta wa. Don haka jagoranci yana farawa da yawa, yana raguwa a hankali, kamar katakon da magini ke tsayawa a kai, wanda ake kwancewa idan bango ya tsaya.

Inda abin ya fi wuya shi ne irin maganar da malami zai yi. Tawaga ta zo ta ce manhajarta tana rufe kanta. Malamin da ya karɓi wayar ya gyara da kansa ya warware matsalar yau, amma gobe za su dawo da irinta. Wanda ya tambaye su "wane tubali kuka ƙara na ƙarshe kafin ta fara haka?" ya koya musu yadda ake farautar kuskure. Wannan tambayar ta fi cin lokaci, kuma yara kan ji haushinta da farko.

Haka ma gyara tsakanin ɗalibai. Malamin nan Ron Berger ya shahara da labarin wani ɗan aji ɗaya mai suna Austin, wanda ya zana malam buɗe-littafi har sau shida, kowane karo abokansa na nuna masa abin da zai gyara a siffar fikafikan da adonsu. Ƙa'idar Berger ita ce gyara ya kasance cikin ladabi, ya nuna takamaiman wuri, kuma ya zama mai amfani. "Bai yi kyau ba" ba gyara ba ne. "Maɓallin shiga ya yi ƙanƙanta, babban yatsa ba ya taɓa shi daidai" shi ne gyara.

Yawancin irin waɗannan tawagogi a yau a WhatsApp suke haɗuwa, kuma nan ne aiki ke nutsewa cikin gaisuwa da sitika. Saƙon murya na minti biyar yana da daɗin aikawa, amma ba a iya neman kalma a cikinsa bayan mako biyu. Tawagogin da ke ci gaba kan ajiye takarda guda a Google Docs mai nuna wa ke riƙe da wane aiki da ranar da zai miƙa, su kuma turo hoton fuskar waya mai nuna kuskuren tare da bayanin abin da suka riga suka gwada. Wannan takardar tana kuma nuna wa malami abin da zauren hira ke ɓoyewa: ɗalibin da ke yin komai shi kaɗai, da wanda ya yi shiru tun makon farko saboda ba shi da data ko kuma wayar ta yayansa ce, sai dare take zuwa hannunsa.