Daga Gaya zuwa Silverstone: Hanyar da mai son tseren mota zai bi

A Gaya da Ajingi, saurayin da ke son gudu yakan kashe ƙishinsa ne a kan babur, musamman ranar biki, wani lokaci a ƙare a hannun mai ɗori. A Turai kuwa wannan sha'awar sana'a ce, kuma ba direba kaɗai ke cin abinci da ita ba.

Mafi yawan kamfanonin da ke fafatawa a gasar Formula 1 a Ingila suke ƙera motocinsu, kuma sukan ɗauki ɗaliban injiniyanci horon aiki na shekara guda. Ban da sakamakon jarrabawa, sukan duba me ɗalibi ya taɓa haɗawa da hannunsa. Shi ya sa gasar Formula Student, da ake yi a filin tsere na Silverstone, take da daraja: ɗalibai ne ke zana ƙaramar motar tsere, su ƙera ta, su tuƙa ta.

Ga ɗan Gaya, matakin farko ba shi da nisa. Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil tana koyar da injiniyanci. Watannin SIWES, da wasu ke ɓatawa wajen neman sa hannu kawai, gara a yi su tsakanin bakanikan Ƙofar Ruwa a Kano, ko a kamfanin haɗa Peugeot na Kaduna.

Kuɗin biza da jirgi dai babban cikas ne. Shi kansa Jelani Aliyu, Basakkwacen da ya zana motar Chevrolet Volt, da tallafin karatu na gwamnatin jiharsa ya tafi Detroit a Amurka a 1990, kafin General Motors ya ɗauke shi aiki.