Sabon inji, tsohuwar mota: a rage wa turbo iska kafin a ɗora kaya

Duk wanda ya san hanyar Dungas zuwa Maigatari ranar Alhamis ya san aikin da motocin kat-kat ke yi: buhunan wake da riɗi, awaki da tumaki, ga mutane a sama. Haka abin yake daga Magarya zuwa Tinkim, ko cikin rairayin Dogo-Dogo, Gushi da Malawa. Idan inji ya gaji, mai mota ba ya da kuɗin wata motar. Sai ya ci bashi ko ya sayar da bisashe, a kawo mashi inji na hannu daga Ƙofar Ruwa ta Kano ko daga Kwatano. Da yawa cikin waɗannan injuna masu turbo ne, kuma nan ne ake samun matsala.

Turbo ba sabon abu ba ne. Tun 1905 wani injiniya ɗan ƙasar Suwis, Alfred Büchi, ya yi rajistar dabarar. Hayaƙin da ke fita daga inji shi ke juya wata ƴar fanka, ita kuma ta juya ta biyu wadda ke tura iska cikin inji da ƙarfi. Iska mai yawa na ba da damar ƙona gazuwal mai yawa, sai mota ta ƙara ƙarfi. Fankar kan yi juyi fiye da dubu 100 a minti ɗaya. Amma matsin iskar na da iyaka. A tsofaffin injunan Toyota irin 2L-T, 1KZ-TE da 1HD-T, abin da kamfani ya tsara bai kai bar 1 ba. In ya wuce misali, kan inji, wato kulas, na iya tsagewa, juwan kulas ya ƙone, ruwa ya haɗu da mai. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, mota cike da kaya cikin yashi ba ta da wurin hutawa.

Haɗarin ya fi yawa ga masu ɗora turbo a kan 1HZ na Land Cruiser. Wannan inji mai lita 4,2 an ƙera shi ne babu turbo, kuma matsin da ke cikinsa ya riga ya fi na ɗan'uwansa 1HD-T. Iska kaɗan yake ɗauka.

To yaya ake ragewa? A jikin turbo akwai wata ƴar ƙofa da ke sakin hayaƙi idan iska ta kai iyaka. Wani ɗan gwangwani mai sifirin a ciki ke buɗe ta, ta hanyar sandar ƙarfe mai zare. Ƙaramin tiyo ne ke kai wa gwangwanin iska. Kafin a taɓa komai, a duba wannan tiyo, domin lokacin sauya inji yakan tsage ko a manta ba a mayar da shi ba. In babu shi ƙofar ba za ta buɗe ba, iska kuma sai ta yi ta hawa. A duba kuma ko tsatsa ta riƙe ƙofar, tunda injin ya daɗe a ajiye.

Idan duk lafiya, sai a ɗaura agogon awon iska, a hau hanya da kaya a ga inda allura ke tsayawa. Ƙara wa sandar tsawo kaɗan na sa ƙofa ta buɗe da wuri, iska ta ragu. Rabin zagaye ake yi, a gwada, a sake. In an sassauta da yawa ƙofar ba ta rufuwa sosai, mota ta mutu a hawa. Wanda ke son ragi mai yawa sai ya sauya gwangwanin da mai sifirin mai laushi.

Ga inda da dama ke kuskure: su rage iska su bar gazuwal yadda yake. A injin gazuwal, mai da yawa da iska kaɗan na ƙara zafin hayaƙi, har fisto ya narke. Baƙin hayaƙi shi ne shaida. Dole mai gyaran pompo ya rage mai daidai da iskar da aka rage. Sababbin Hilux masu kwamfuta kuwa, kwamfutar ce ke juya turbo, kada a sa masu sifana, a kai su wurin mai na'ura.

Sauran aikin na direba ne. Matatar iska ta zama mai tsabta, musamman lokacin hunturu da ƙura. A yi bidanji a kan lokaci, domin mai ne ke riƙe da rayuwar turbo. A sayi gazuwal mai kyau: matatar Soraz na aiki a jihar Damagaram tun 2011, na kwalba a bakin hanya kuwa wani lokaci da ruwa ko ƙasa yake zuwa. Bayan doguwar tafiya, a bar inji yana aiki minti 1 ko 2 kafin a kashe.

Motar da aka rage wa iska za ta ɗan yi nauyi a hawa, gaskiya ne. Amma gara a isa kasuwa da hantsi da a kwana a daji ana jiran mai ja, ga bashin inji ba a gama biya ba. Allah ya kiyaye hanya.