Lamba Ta 12: Umarnin Soma Sabon Shafi a Tsuran Rubutu



Duk akawun da ya taɓa aiki da tafireta ya san cewa idan shafi ya cika, hannunsa ne ke zare takarda ya sa wata. Amma rubutun da ke cikin kwamfuta ba shi da takarda, balle shafi. Fayil na tsuran rubutu, watau wanda ba shi da wani ado, jerin lambobi ne kurum, kowace tana wakiltar harafi ko alama guda. To, yaya za a gaya wa injin ɗab'i cewa babi ya ƙare, a soma na gaba a kan sabon shafi?

Amsar tana cikin tsarin ASCII, wanda aka fitar a Amurka a 1963. Tsarin yana da lambobi 128, kuma 32 na farko ba a ganinsu a takarda, domin umarni ne ga na'ura. Lamba 10 tana saukowa da layi ɗaya, 13 tana komawa farkon layi, ita kuwa 12 tana tura takarda har zuwa kan shafi na gaba.

Mutane da yawa ba su san da ita ba, sai su yi ta jera layukan da babu kome har shafi ya ƙare. Bari mu yi lissafi. Takarda mai tsawon inci 11, a kan layi 6 kowane inci, tana ɗaukar layi 66. Idan jadawalin albashi ya ci layi 40, sai a cika da 26. Gobe maigidan ofis ya ƙara layi biyu a sama, nan take kowane shafi na gaba ya zame da layi biyu, ƙarshen wani jadawalin ya faɗa shafin da ba nasa ba. Har ila yau, takardar A4 da ofisoshinmu ke amfani da ita ta fi waccan tsawo, tana kai wajen layi 70, saboda haka lissafin ya rushe tun daga tushe. Lamba 12 ba ta ƙirga layi. Injin ne ya san inda takardarsa ta ƙare.

Yadda ake shigar da ita yana da 'yar dabara. Lambar harafin L ita ce 76, maɓallin Ctrl kuwa yana debe 64, saura 12. Sai dai manhajojin gyaran rubutu sun ba Ctrl da L wani aikin dabam, na sabunta abin da ke kan allo. Don haka a cikin vi, yayin shigar da rubutu, sai a danna Ctrl da V tukuna, sa'an nan Ctrl da L. A cikin Emacs kuwa Ctrl da Q ne ke gaba. Allo zai nuna ^L. A kula, wanda ya buga ^ da L da hannunsa ya rubuta alamu biyu ne, 94 da 76, kuma injin zai buga masa su ɓaro-ɓaro a tsakiyar rahoto.

A ganina ya fi kyau a ajiye ta a layinta ita kaɗai, inda mai gyara zai gan ta. Da ita aka riƙa raba shafukan takardun RFC, masu bayyana ƙa'idojin intanet, har zuwa 2019 da aka sauya tsarinsu. Amma wasu manhajojin zamani ba su kula ta sam, don haka a gwada buga shafi biyu kafin a aika da rahoto mai shafi ɗari.