Dalmar Harsashi Ba Ta Barin Ƙasa Idan Soja Sun Tashi

A duk filin da soja suke koyon harbi akan tara wani tudun ƙasa a bayan abin da ake auna, domin ya tare harsasai. Shekara da shekaru harsashi yana nutsewa a cikin wannan tudu, kuma galibin harsashin bindiga dalma ne a ciki, an lulluɓe ta da jan ƙarfe. Ruwan sama da iska su ne suke cin dalmar sannu a hankali har ta zama gari ta gauraya da ƙasa. Dalma kuwa ba ta ruɓewa kamar taki. Ko an rufe filin yau, tana nan.

Wannan magana ta shafi Arewa ƙwarai, domin kuwa a Jaji da Kachia cikin Jihar Kaduna an daɗe ana horar da soja, a Jihar Kano kuma an ba sojoji wurin atisaye a dajin Falgore, wato dajin da Kogin Kano yake ratsawa kafin ya zuba cikin madatsar ruwa ta Tiga. A shekarar 2012 masana daga Jami'ar Ibadan suka bayyana sakamakon awon ƙasar wani filin harbi na soja a birnin, inda suka tarar dalmar da ke tudun ta zarce ta ƙasar kewaye nesa ba kusa ba.

Irin ɓarnar da dalma take yi, mutanen Zamfara sun gan ta da idonsu, ko da yake tasu daga dutsen zinariya ta fito. A shekarar 2010 yara wajen 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa dutsen a cikin gidaje, ƙura tana sauka inda yara suke rarrafe. A wasu wurare an sami dalma fiye da miligiram 100,000 a cikin kilo ɗaya na ƙasa, alhali a wancan lokaci Amurka ta ɗauki miligiram 400 a matsayin iyaka a wurin wasan yara. Yaron da ya tsira ma, dalma takan taɓa masa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta ɓata ba ya komawa daidai.

A can ne kuma aka ga yadda ake awon. Akwai wata na'ura ta hannu da ake ɗorawa a kan ƙasa, ta haska ta, cikin ɗan lokaci ta nuna yawan dalmar da ke wurin. Inda ta yi yawa sai a kankare ƙasar sama, a binne ta a ramin da aka keɓe, a zuba sabuwa. Haka aka yi a Dareta da 'Yargalma, sa'an nan a Bagega a shekarar 2013.

Filin harbi ya fi ƙauye sauƙin aunawa ta wani gefe, tun da an san inda tudun yake da inda ruwa yake gangarawa daga gare shi. Wahalarsa ita ce bama-baman da ba su fashe ba, waɗanda tilas a fara kwashe su kafin ma'auni ya sa ƙafa. Sojan ruwan Amurka sun bar tsibirin Biyekes na Puwato Riko a 2003, amma aikin share shi ya ci shekaru fiye da ashirin.

Saboda haka ya kamata duk filin da soja za su saki a auna ƙasarsa da rijiyoyin da ke kusa kafin a raba shi gonaki ko fulotai, a kuma sanar da dagatai da masu unguwanni abin da awon ya nuna, domin su ne za a zo wa neman wurin noma da kiwo.