Lokacin Martani da Wahalar Dukan Ƙwallo a Wasannin Kurket na Kwamfuta

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan dalilin da ya sa dukan ƙwallo yake da wuya a wasannin kurket na kwamfuta da na wayar salula. An kwatanta lokacin da ƙwallo take ɗauka kafin ta iso ga mai duka da lokacin da ido da ƙwaƙwalwa da hannu suke buƙata kafin su mayar da martani, sannan aka dubi jinkirin da na'ura take ƙarawa a kai. Maƙalar ta nuna cewa kirdado ne ginshiƙin ƙwarewar mai duka, kuma shi ne abin da allo ya fi tauyewa. Daga ƙarshe an ba da shawarar kalmomi huɗu da za su taimaka wajen tattauna batun da Hausa.

1.0 Gabatarwa

Wasan kurket ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, duk da cewa bai taɓa samun karɓuwar da ƙwallon ƙafa ta samu ba. An buga shi a Kwalejin Katsina a zamanin Turawa, kuma Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, yana daga cikin ɗaliban da suka buga shi a can. A 'yan shekarun nan wasan ya sake ɗago kai a Nijeriya. Samarin ƙasar 'yan ƙasa da shekara 19 sun halarci gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu a 2020, 'yan matan kuma sun doke New Zealand a gasar takwarorinsu da aka yi a Malesiya a watan Janairun 2025.

Ga matashin Jega ko Aliero ko Maiyama kuwa, hanyar da ta fi kusa da zai ci karo da wannan wasa ita ce allon wayarsa, domin manhajoji irin su Real Cricket da World Cricket Championship, waɗanda kamfanonin Indiya suka ƙirƙira, suna samuwa ga duk mai wayar Android. Wanda ya saba da wasan ƙwallon ƙafa a gidan gem, idan ya gwada kurket, yakan iske ƙwallo ta wuce shi tun bai danna komai ba, ko kuma ya danna da wuri ya doki iska. Hukuncin da yakan yanke wa kansa shi ne ba shi da zafin nama. Wannan hukunci ne maƙalar take son ta yi wa gyara.

2.0 Lissafin Fage

A kurket, mai jifa yana sheƙowa da gudu ya wurga ƙwallo ta doki ƙasa sau ɗaya kafin ta iso ga mai duka, wanda yake tsaye da faffaɗar sanda yana tsaron wasu turaku uku da ke bayansa. Tazarar da ke tsakanin turakun wannan ɓangare da na wancan mita 20.12 ce. Da yake mai jifa da mai duka kowannensu yana ɗan gaba da turakunsa, tafiyar da ƙwallo take yi ba ta cika wuce mita 18 ba.

Gwanin jifa mai ƙarfi yakan saki ƙwallo a gudun kilomita 145 a awa, wato kimanin mita 40 a sakan ɗaya. Idan aka raba 18 da 40, za a samu milisakan 450, shi kuwa milisakan kashi ɗaya ne daga cikin dubu na sakan. Iska da dukan ƙasa suna ɗan rage mata gudu, saboda haka a iya cewa rabin sakan ne ke gaban mai duka. Jifa mafi sauri da aka taɓa aunawa a hukumance shi ne na Shoaib Akhtar ɗan Pakistan, kilomita 161.3 a awa, a wasansu da Ingila a gasar cin kofin duniya ta 2003. Akwai kuma masu jifan murɗe, waɗanda ƙwallonsu ke tafiya a gudun kimanin kilomita 85 a awa. Nasu jifan yana ba da kusan kashi uku cikin huɗu na sakan, sai dai ƙwallon takan kauce wa hanyarta da zarar ta taɓa ƙasa. Abin da ake son a doka ɗin faɗinsa bai wuce santimita 7 da 'yan kai ba, sandar kuma doka ta hana faɗinta ya wuce santimita 10.8.

3.0 Lissafin Jiki

Lokacin martani shi ne tazarar da ke tsakanin bayyanar alama da fara motsin da alamar ta haifar. Masana sun daɗe suna auna shi. Hermann von Helmholtz ya auna saurin saƙo a jijiya a wajen 1850, F. C. Donders ɗan ƙasar Holan kuma ya nuna a 1868 cewa martanin da ke buƙatar zaɓi ya fi ɗaukar lokaci a kan wanda ba ya buƙata. Lafiyayyen matashi da aka ce ya danna maɓalli da zarar fitila ta kama yakan ɗauki milisakan 200 zuwa 250. Kunne ya ɗan fi ido sauri, amma shi ma yana da iyaka, shi ya sa a tseren gudu ake hukunta duk wanda ya zabura ƙasa da milisakan 100 bayan tashin bindiga, domin ana ɗaukar cewa cinka ya yi. A 1952 W. E. Hick ya ƙara da cewa duk lokacin da yawan zaɓi ya ninka, lokacin martani yana ƙaruwa da gwargwado kusan iri ɗaya.

Za a fi ganin nauyin waɗannan alƙaluma idan aka ɗora su a kan hanyar mota da ta taso daga Aliero ta ratsa Jega ta nufi Maiyama. Direban da ke gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a kowane sakan. Idan akuya ta faɗo masa, motar za ta yi tafiyar kimanin mita 7 kafin ƙafarsa ta fara barin totur, ko da kuwa idonsa yana kan hanya. Tsohon direba bai fi sabo saurin jijiya ba. Abin da ya fi shi da shi shi ne tun daga nesa ya hango garken a gefen titi, ya kuma sassauta.

Haka abin yake ga mai duka. A wani gwaji da Peter McLeod ya wallafa a 1987, an sa ƙwallo ta riƙa kaucewa ba zato bayan ta doki ƙasa, sai aka ga ƙwararrun 'yan wasa ma suna buƙatar kimanin milisakan 200 kafin su fara gyara dukansu, wato daidai da sauran mutane. Ma'anar wannan ita ce duk abin da ƙwallo ta yi a kashi na ƙarshe na tafiyarta, mai duka ba shi da damar ya yi komai a kansa.

4.0 Kirdado

Tun da jijiyar gwani ba ta fi ta kowa sauri ba, tilas fifikonsa ya kasance a wani wuri. Michael Land da Peter McLeod sun ɗaura wa masu duka uku na'urar bin motsin ido, suka wallafa sakamakon a shekarar 2000. Sun gano cewa mai duka ba ya bin ƙwallo da ido tun daga hannu har zuwa sanda. Yana kallonta na ɗan lokaci bayan an sake ta, sai idonsa ya yi tsalle ya riga ta zuwa inda yake tsammanin za ta doki ƙasa, ya jira ta a can. Wanda ya fi ƙwarewa a cikin ukun shi ne ya fi saurin yin wannan tsalle. A 2006 kuma Sean Müller da Bruce Abernethy da Damian Farrow sun nuna wa 'yan wasa hotunan bidiyo na masu jifa, ana katse hoton a matakai daban-daban. Manyan gwanaye sun iya gane irin jifan da ke tafe daga yanayin hannu da damtsen mai jifa tun ƙwallo ba ta bar hannunsa ba.

Wannan ba sabon ilimi ba ne ga Bahaushe. Ɗan dambe da ya tsaya jiran ganin dunƙulen hannu ya taso ya riga ya sha ƙasa. Kafaɗa da ƙugu da takun abokin karawarsa yake karantawa. Mai tsaron gida a bugun fanareti, wanda ƙwallo ke iso masa daga tazarar mita 11 cikin ƙasa da rabin sakan, shi ma ƙafar mai bugu yake dubawa. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma a fagen kurket Larabar ita ce gudu da hannun mai jifa.

5.0 Abin da Allo Yake Ragewa da Abin da Yake Ƙarawa

Idan aka mayar da wannan wasa cikin kwamfuta, abubuwa uku ne ke sauyawa. Na farko shi ne alamomi. Allo shimfiɗaɗɗe ne, ba ya ba idanu biyu damar auna zurfi. Wasanni da yawa kuma suna ajiye kyamara a bayan mai jifa kamar yadda gidajen talabijin ke yi, ta yadda ƙwallo take nesanta da mai kallo maimakon ta tunkaro shi. Motsin mai jifa na kwamfuta sau da yawa kusan iri ɗaya ne ko da wane jifa zai yi, yatsunsa kuma sun yi ƙanƙanta a allon waya. Larabar ta ɓace, sai Juma'a kawai.

Na biyu shi ne jinkiri. Wasan da ke nuna hoto 60 a sakan yana sabunta allo duk bayan milisakan 16.7, mai hoto 30 kuma duk bayan milisakan 33. Ƙwallon da ke gudun mita 40 a sakan tana tsallake santimita 67 tsakanin hoto da hoto a na farko, a na biyu kuwa fiye da mita ɗaya, kuma dukkan tafiyarta ba ta wuce hoto 27 ko 14 ba. Ban da wannan, maɓalli da injin wasan da talabijin kowanne yana cin nasa rabon, wasu talabijin na zamani ma sukan riƙe hoto har kusan milisakan 100 suna gyara shi kafin su nuna. Idan ta intanet ake karawa, nisa ya shigo. Haske a cikin wayar gilashi yana gudun kimanin kilomita 200,000 a sakan, tsakanin jihar Kebbi da Mumbai kuma akwai fiye da kilomita 7,000, saboda haka zuwa da dawowa ba za su gaza milisakan 70 ba ko da an ja wayar a miƙe, alhali a zahiri saƙon zagaye yake yi.

Na uku shi ne zanen motsi. Bayan an danna maɓalli, sai ɗan wasan da ke cikin allo ya ɗaga sanda ya sauke ta, wannan ma lokaci ne da dole a cire daga rabin sakan ɗin. A ƙaddara martanin zaɓi ya ci milisakan 300, na'ura ta ci 80, zanen motsi ya ci 150. Jimilla ta kai 530, ƙwallo kuwa ta iso tun a 450. Da za a kwaikwayi kurket yadda yake, da babu mai iya bugawa.

6.0 Dabarun Masu Ƙirƙira

Saboda haka masu ƙirƙirar waɗannan wasanni suke biyan ɗan wasa diyyar abin da allo ya ƙwace masa. Tsofaffin wasanni irin su Brian Lara Cricket na kamfanin Codemasters da Cricket 07 na EA Sports suna zana alama a ƙasa a inda ƙwallo za ta sauka, wato suna yi wa ido tsallen da Land da McLeod suka bayyana. Don Bradman Cricket 14, wanda kamfanin Big Ant Studios na Ostareliya ya fitar a 2014, ya bi wata hanya. Ya kai kyamara bayan mai duka, ya sa da'ira mai launi a jikin ƙwallo don nuna nisan inda za ta sauka, ya kuma raba aikin ƙafa da na sanda tsakanin manyan yatsu biyu. Wannan ya kusantar da wasan ga zahiri, amma ya ƙara yawan zaɓi, dokar Hick kuwa ba ta yafe wa kowa.

Matakan wahala da ake zaɓa a farkon wasa, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani, galibi gyare-gyare ne ga abubuwa uku: saurin ƙwallo, da lokacin da alama ke bayyana, da faɗin zangon da ake karɓar danni a matsayin daidai. Zangon da ya kai hoto 6 a wasa mai hoto 60 milisakan 100 ne, na hoto 2 kuwa 33 ne kacal. Mutum biyu masu ƙwarewa ɗaya, ɗaya da sabuwar waya ɗaya da tsohuwa mai tsinke hoto, ba wasa ɗaya suke bugawa ba. Mai tsohuwar dole ya riga lokaci, kamar yadda aka ce mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka.

7.0 Batun Kalmomi

A nan ne batun ya shafi manazarta Hausa. Kalmomin zafin nama da hanzari da azama duk suna nuni ga saurin jiki, kuma idan aka yi amfani da su a wannan fage sukan cakuɗa abubuwan da ya kamata a rarrabe. Maƙalar tana ba da shawarar a keɓe lokacin martani ga tazarar da ke tsakanin alama da motsi, kirdado ga karanta alamomin farko, jinkirin na'ura ga abin da maɓalli da allo da intanet ke ci, sannan zangon dacewa ga ɗan lokacin da wasan yake karɓar danni. An fifita kirdado a kan cinka domin cinka ba ta da madogara, shi kuwa kirdado yana tafiya da lura da ƙwarewa.

8.0 Kammalawa

Jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 tana yaye matasan da wasunsu za su iya rubuta manhajar dambe ko kokawa ko langa. Duk wanda ya ɗauki wannan aiki zai gamu da matsalar da masu kurket suka gamu da ita, domin idan bai zana kafaɗa da taku yadda mai wasa zai iya karanta su ba, abin da zai samar caca ce da maɓalli. Malamin motsa jiki ma yana da rabonsa, tun da lokacin martani kaɗan yake raguwa da horo, kirdado kuwa ana koyar da shi. Shi kuma matashin da ƙwallo ta wuce shi a allon waya, kafin ya zargi hannunsa, ya dace ya duba matakin wahalar da ya zaɓa da irin allon da ke gabansa, sannan ya koyi kallon mai jifa tun yana sheƙowa.