Tagar da ba ka gayyata ba

Furojet ɗina na ƙarshen difloma wata ƙaramar manhaja ce da na rubuta wa wata ƙungiyar manoman shinkafa a Kalgo, don su riƙa rubuta wanda ya karɓi taki bashi da wanda ya biya. Kowane gyara na yi sai na sake gwada komai daga farko, har na gaji. Sai na koma ga Selenium, wanda Jason Huggins ya fara ƙirƙira a kamfanin ThoughtWorks a 2004. Za ka nuna masa matakan sau ɗaya: buɗe shafi, rubuta sunan manomi, danna maɓalli. Daga nan shi zai riƙa maimaitawa da kansa kana kallo, ko kana barci.

Matsalarsa ɗaya: bai san komai ba sai abin da ka nuna masa. Da wata taga ta faɗo tsakiyar allo, mutum zai karanta ya rufe cikin daƙiƙa guda. Shi kuwa ko ya tsaya cak, ko ya faɗi.

Tagogin nan ba iri ɗaya ba ne, kuma nan yawancinmu ke ruɗewa. Akwai wadda burauza ke fitarwa da umarnin JavaScript, mai sanarwa ko mai tambayar “eh ko a'a”. Wannan tana daskarar da shafin gaba ɗaya har sai an amsa mata. Akwai kuma wadda ba taga ba ce ta gaskiya, wani ɓangare ne na shafin da ya hau kan sauran, kamar talla ko neman izinin kukis da ya cika shafuka tun da dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki a watan Mayun 2018. Selenium na ganin maɓallin da yake nema a ƙasanta, amma in ya je dannawa sai ya ce wani abu ya tare shi. Ta Windows kuwa, irin ta zaɓar fayil, ba ya ma ganinta, domin ikonsa a cikin burauza ya tsaya. Dabarar wannan mai sauƙi ce: kada ka bari ta buɗe, ka tura adireshin fayil ɗin kai tsaye cikin gurbinsa.

Mai hawa kan shafi ta fi ba ni ciwon kai, saboda netwok. A makaranta takan fito nan take. In na je gida Gwandu ƙarshen mako ina aiki da datar waya, sai ta makara, ta faɗo ana tsakiyar wani mataki. Da farko na sa gwajin ya riƙa jiran daƙiƙa biyar a kowane shafi. Ɓata lokaci ne kawai. Ran da netwok ya so, sai ta zo a ta shida. Abin da ya yi aiki shi ne jira mai sharaɗi: a jira har maɓallin ya zama mai dannuwa, in an tare shi a nemo abin da ya tare, a rufe, a sake gwadawa sau ɗaya.

To, yanzu ga inda na kusa shiga uku. Ƙa'idar WebDriver, wadda Selenium ke bi, ta ba ka zaɓi game da tagar burauza da ba a zata ba: a amsa mata “eh”, a kore ta, ko a ƙyale ta. In ba ka zaɓi komai ba, zai kore ta sannan ya sanar da kai da kuskure. Ni kuskuren nan ne ya dame ni, ina son in ga kore ko'ina kafin ranar kare furojet. Sai na sa a riƙa amsa “eh” ga duk abin da ya fito. Wallahi daren nan barci na yi mai daɗi.

Bayan kwana biyu na ɗauki kwamfuta na kai wa sakataren ƙungiyar a Kalgo ya taɓa da hannunsa. Dattijo ne, da yatsa ɗaya yake rubutu. Yana shigar da sunan wani manomi sai taga ta fito wai wannan ya riga ya karɓi takinsa, a ƙara masa? Ya cire tabarau ya dube ni.

“Ɗan nan, wannan bawan Allah ko buhu ɗaya bai karɓa ba. Mai sunansa ne ya karɓa.”

Na ce, “Baba, a yi mini haƙuri, laifin daga wurina ne.”

Ashe manhajar da suna take tantance mutane, ba da lambar rajista ba, alhali a ƙauyukanmu mutum uku kan yi suna ɗaya har da na uba. Tagar nan ta sha fitowa a gwajina, domin akwai masu suna ɗaya a cikin bayanan gwajin. Ni ne na sa aka riƙa rufe mata baki. Da an fara aiki da ita haka, sakatare zai danna “a'a”, wani kuma ya koma gida hannu rabbana ana tsakiyar damina.

Masu amfani da Playwright na Microsoft kada su ce sun tsira: shi ma in ba ka tanadi komai ba, korar irin wannan taga yake yi shiru ya wuce.

Yanzu tsarina ya canza. Tagar da na san za ta fito, na sa ta cikin gwajin kanta: a jira ta, a karanta rubutunta, a tabbatar shi ne wanda ake zato, sannan a amsa. Waɗanda na san ba ruwansu da aikina, kamar ta kukis, suna cikin wani ɗan jeri, su kaɗai ake rufewa ba tambaya. Duk wata baƙuwa kuma, a rubuta abin da ta ce da matakin da ta fito, a ɗauki hoton allo in zai yiwu, gwajin ya faɗi. Makon jiya biyu suka faɗi ta haka, ɗaya ma har yanzu ina neman inda ta fito.