Yadda Ake Yin Matoshin Bahon Wanka Mai Furen da Ke Yawo a Kan Ruwa

A gidajen ma'aikata da masaukin baƙi da ƙananan asibitoci, sau da yawa za ku tarar da bahon wanka ko wurin wanke hannu lafiya lau, amma matoshinsa ya daɗe da ɓacewa. Sai a riƙa cusa tsumma ko leda a ramin. Tsumma yana yoyo, leda kuwa takan zurma ta toshe bututu. A ƙasashen Turai da Amurka ana sayar da wani matoshi mai igiya, da fure a ƙarshen igiyar yana yawo a kan ruwa. Ado ne, amma yana da aiki: in an gama wanka ko wanki, furen ake kamawa a ja, ba sai an tsoma hannu cikin ruwan dauɗa ana lalube ba. Mai jinyar mara lafiya ya san amfanin wannan. Kuna iya yin naku a gida.

Ku nemi tsohon silifa mai kauri, da robobi masu launi irin na man shafawa da suka ƙare, da basilla, da zaren ɗinkin takalmi, da igiyar nailan siririya, da wuƙa mai kaifi. Ku wanke silifan da sabulu sosai kafin ku yanka.

Da matoshin za a fara, domin in yana yoyo kyan fure ba zai hana ruwa tsiyayewa ba. Ku auna bakin ramin da rula. A kayan famfo irin na Ingila, matoshin bahon wanka da na wurin wanke kwanuka faɗinsa santimita 4.5 ne, na wurin wanke hannu kuma santimita 3.8. Masu sayar da kayan famfo suna da su, da ɗan zobe a bisa inda za a ɗaura igiya. In ba a samu ba, ku je wurin mai faci ku karɓi guntun robar cikin tayar mota, ku yanka faifai mai faɗin santimita 10, ya rufe ramin har ya wuce ta kowane gefe. Kada ku huda shi. Ku ce wa mai facin ya manna wani siririn yankin roba a tsakiya kamar hannun jaka, ta nan igiya za ta bi.

Wasu za su so su yanka matoshin daga silifa tun da ga shi a hannu. Ba zai yi ba. Robar silifa cike take da ƙananan ramukan iska, shi ya sa masunta suke ɗaura guntayenta a jikin taru don kada ya nitse. Matoshin silifa kullum sama yake so ya taso. Robar taya kuwa ta fi ruwa nauyi, tana kwanciya a ƙasa. Saboda haka silifa na fure ne, robar taya ta matoshi.

Don yin furen, ku yanka faifan silifa mai faɗin santimita 9, ku cire ɗan yanki a gefe ɗaya yadda zai yi kama da ganyen bado da muke gani a tafkuna da damina. Daga robobin masu launi ku yanka taurari uku, babba da matsakaici da ƙarami, kowanne da kunnuwa shida ko takwas. Ku goge bakin kunnuwan a kan siminti har kaifin ya mutu. In kun tsoma su cikin ruwan zafi na ɗan lokaci za su yi laushi, sai ku lanƙwasa su sama. Ku jera su a kan faifan, babban a ƙasa, ku ɗinke su da basilla ta tsakiya sau huɗu ko biyar. Ɗinki ya fi gam, domin ruwan zafi da sabulu suna saki gam. Waya kuma tana tsatsa, ta bar jan tabo a jikin baho. Igiyar ta fito daga tsakiyar faifan ta ƙasa. In ta fito daga gefe, furen zai riƙa karkacewa yana kifewa.

Ana yawan tambaya ko furen ba zai cire matoshin da kansa ba in ruwa ya taso. Lissafin mai sauƙi ne. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya. Ruwa mai zurfin santimita 20 yana danne matoshi mai faɗin santimita 4.5 da nauyin da ya kai wajen giram 320. Abin da ke yawo a ruwa kuwa ba ya iya ɗaga abin da ya wuce nauyin ruwan da ya ture. Faifan silifa irin wanda muka faɗa, mai kaurin santimita 1.5, ko ya nitse duka, ƙarfin ɗagawarsa bai kai giram 100 ba. Amma wanda ya ɗaura babbar gorar roba ta lita ɗaya da rabi a gajeriyar igiya, zai dawo ya tarar baho ya tsiyaye. Ku auna zurfin ruwan da kuka saba tarawa, ku ƙara faɗin yatsu uku, tsawon igiyarku ke nan. Kada ta wuce kamu ɗaya.

Iyaye, a nan ku natsu ku ji. Fure mai launi yana yawo a kan ruwa, ƙaramin yaro zai miƙa hannu ya kamo shi. Kan jariri yana da nauyi in aka gwada da jikinsa, in ya sunkuya ya kife ba ya iya ɗagowa, kuma ba ya kuka balle a ji. Ruwa mai zurfin santimita 5 ya isa ya kashe shi. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 ya ce mutane wajen 300,000 suka mutu ta nitsewa a ruwa a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Kada ku bar yaro shi kaɗai kusa da baho mai ruwa, ko da za ku ɗauko tawul ne a ɗaki, kuma kada ku bar shi a hannun yayarsa 'yar shekara shida. Da zarar an gama, ku ja furen ruwan ya tafi. Kada ku sa duwatsun ado ko maɓallai a jikin furen, domin yaro zai cire ya kai baki. Igiyar ma tana iya naɗe masa wuya, don haka ku rataye matoshin a ƙusa can sama inda hannunsa ba ya kaiwa.

Inda ruwa yake wuya, mutane sukan tara shi a baho in famfo ya kawo, su yi kwanaki suna ɗiba. Matoshi mai kyau yana taimakawa wajen haka, amma mun fi son a kwashe ruwan zuwa randa ko jarka mai murfi. Sauro yana iya tashi daga ƙwai ya zama babba cikin mako ɗaya zuwa kwana 10 a ruwan da ya kwanta a buɗe.

Sau ɗaya a mako ku goge tsakanin kunnuwan furen da tsohon buroshin haƙori da sabulu, domin nan baƙin datti yake taruwa, ku shanya shi a inuwa, rana tana busar da roba ta tsattsage. Ƙungiyar mata da ke son yin na sayarwa ta tanadi matoshi iri biyu, na 4.5 da na 3.8, ta kuma tambayi mai saye ko na bahon wanka yake nema ko na wurin wanke hannu.